Ziyarar aboki a kudancin Turai: yadda za ka je ka dawo ba ka zame masa kaya ba

Sai da na kwana uku a gidan abokina, a wani ƙaramin gari kusa da birnin Nafoli na Italiya, kafin na gane cewa gadon da nake kwana a kai nasa ne. Shi a kujerar falo yake miƙewa, ya tashi mu yi asuba, ya rataya jakarsa ya kama hanyar wurin aiki tun gari bai waye ba. Kwana biyun da ya zauna ya zaga da ni gari kuwa, ba a biya shi ladansu ba. Bai taɓa faɗa mini ba. Wanda suke haya tare ne ya tsegunta mini a kicin muna jiran shayi ya tafasa. Da na tuntuɓi abokin nawa da maganar, sai ya ce, "Haba mutumina, tun daga Kano ka taso, a ƙasa zan kwantar da kai?"

Tun ranar na daina kallon irin wannan tafiya a matsayin hutun mutum ɗaya. Kai ne ke hutu, mai masaukinka yana bakin aikinsa, kuma sunansa da adireshinsa da takardunsa na zama ne ya jingina wa hukuma domin ka shigo. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan na gina su.

Ka fara da mai masauki, ba da ofishin biza ba

Wata huɗu ko biyar kafin tafiya, ka kira shi ku yi magana ta gaskiya. Kada ka tambaye shi ko za ka iya zuwa, domin Bahaushe ba zai ce a'a ba ko da a ƙarƙashin gada yake kwana. Tambaye shi abin da zai iya amsawa ba tare da kunya ba: wane wata ne aikinsa ke sassautawa, su nawa ne a gidan, sunan wa ke kan takardar haya, kuma takardarsa ta zama tana da sauran kwana ko tana hannun hukuma ana sabuntawa. Tambaya ta ƙarshen nan ita ce ginshiƙi. Wanda ba shi da cikakkiyar takarda ba zai iya gayyatar ka a hukumance ba, kuma matsa masa a kan haka zalunci ne. Idan haka abin yake, ka kama otal da kuɗinka, ka je ka gaishe shi kamar kowane baƙo.

Kwana nawa? Ni dai na tsaya a kan huɗu zuwa shida a gida ɗaya. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, kuma a gidan haya mai ɗaki biyu da bayi ɗaya, raɓar da ta wuce mako ta fara zama ruwa. In kana da abokai biyu, ɗaya a Italiya ɗaya a Sifaniya, ka raba kwana goma a tsakaninsu.

Batun lokaci kuma, ka guji Yuli da Agusta in da hali. Kada ka ce ai kai ɗan Sakkwato ne ko ɗan Damagaram, zafi ba baƙonka ba ne. A biranen Kurɗuba da Sabiya na kudancin Sifaniya zafi kan haura maki 40 a tsakiyar bazararsu, a tsibirin Sisili na Italiya kuwa an auna 48.8 a ranar 11 ga Agusta 2021, kuma gidajen haya masu araha da yawa ba su da na'urar sanyaya ɗaki. Ga tsadar tikiti, ga cunkoso. A Italiya ranar 15 ga Agusta biki ne da suke kira Ferragosto, shaguna da ofisoshi da dama kan rufe a makonnin da ke kewaye da shi. Afrilu zuwa farkon Yuni, ko tsakiyar Satumba zuwa Oktoba, su ne lokutan da jiki da aljihu za su fi samun sauƙi. Sai dai in abokinka a gona yake aiki, kamar masu tsinkar tumatir a yankin Fojiya na Italiya ko masu aikin lambunan rumfar leda a Almeriya ta Sifaniya, to shi zai faɗa maka lokacin da kakarsu ke ƙarewa.

Takardar gayyata

Nan ne wahalar mai masauki take farawa, kuma kowace ƙasa da tsarinta.

A Sifaniya, wasiƙar da aboki ya rubuta da hannunsa ba ta wadatar. Akwai takarda ta hukuma mai suna carta de invitación, wadda zai nema a ofishin 'yan sandan ƙasa na garinsu. Zai kai shaidar gidan da yake zaune, da katinsa na zama, da kwafin fasfonka, ya biya kuɗi, sannan ya jira, wani lokaci har makonni. Idan ta fito, ainihin takardar zai aiko maka, ba hotonta a WhatsApp ba. Ka aika masa kuɗin takardar da na aikowa tun bai tambaya ba. Ka kuma san nauyin da ya ɗauka: a dokar baƙi ta Sifaniya, wanda ya gayyato mutum, mutumin ya wuce wa'adinsa kuma yana nan a hannunsa, ana iya cin sa tarar da ta kama daga Yuro 501 zuwa 10,000.

A Italiya, mai masauki zai cike fom na gayyata ya sa hannu, ya haɗa da kwafin takardarsa ta zama, wadda ake kira permesso di soggiorno. Bayan ka sauka kuma doka ta ɗora masa sanar da 'yan sanda a rubuce cikin awa 48 cewa yana da baƙo ɗan ƙasar waje a gidansa. Mutane da yawa na mantawa da wannan, alhali akwai tara a kai. Ka tuna masa da kanka a ranar da ka iso. A Fotugal takardar ɗaukar nauyi ce ake cikewa, termo de responsabilidade, a kai a tabbatar da sa hannun a hukumance.

Biza

Italiya da Sifaniya da Fotugal da Girka da Malta duk suna cikin yankin Shengen, don haka biza ɗaya ce ke shigar da kai dukkansu. Iyakarta kwana 90 a cikin kowane kwana 180, amma abin da zai yi maka hukunci shi ne adadin kwanakin da aka buga a jikin bizarka. In an rubuta 12, to 12 ne.

Za ka nema ne a ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta. Kwana shida a Nafoli da huɗu a Basalona, bizar Italiya ke nan. In kwanakin sun zo daidai, sai ƙasar da za ka fara shiga. Kada ka saurari masu cewa ka nemi ta ƙasa kaza domin ta fi sauƙi sannan ka wuce inda ka nufa. Jami'in kan iyaka zai ga bizarka ta wata ƙasa, gayyatarka da tikitinka na wata, kuma yana da ikon mayar da kai a jirgin da ya kawo ka.

Ana karɓar takardu daga wata shida kafin tafiya, kuma kada ya gaza kwana 15. A ƙa'ida amsa kan fito cikin kwana 15, amma tana iya kaiwa 45, kuma samun ranar ganawa ma kansa yakan ci lokaci. Kuɗin biza Yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024, 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa ƙasa da 12, ban da ladan kamfanin da ke karɓar takardu a madadin ofishin jakadancin. Ba a mayar da kuɗin in an hana ka. Fasfonka ya kasance an yi shi cikin shekara goma da suka wuce, da shafi biyu babu komai, kuma ya rage masa aƙalla wata uku bayan ranar da za ka baro Turai. Sai inshorar lafiya ta tafiya wadda ba ta gaza Yuro 30,000 ba, mai aiki a duk yankin.

Abin da jami'in ke nema a cikin tarin takardunka guda ɗaya ne: shin wannan mutumin zai koma gida? Saboda haka ka ba shi abin da ke ɗaure ka da gida. Ma'aikaci ya kawo takardar hutu mai ranar komawa aiki da takardun albashi. Ɗan kasuwa ya kawo rajistar kasuwancinsa da shaidar biyan haraji. Takardar aure da ta haihuwar yara su ma suna magana. Bayanan asusun banki na watannin baya su nuna shige da fice irin na yau da kullum. Mafi munin abin da mutanenmu ke yi shi ne aro miliyoyi a zuba a asusu mako guda kafin ganawa. Wanda aikinsa ke nan kullum ya san kamannin kuɗin aro. Ka kuma rubuta 'yar gajeriyar wasiƙa da kanka: wane ne mai masaukin, tun yaushe kuka san juna, ina da ina za ka, wa ke biyan me. In kuna da tsohon hoto tare, ka haɗa.

Sifaniya tana da adadin kuɗin guzuri da take so ta gani. A 2025 ya kasance Yuro 118.40 a kowace rana, kuma jimillar kada ta gaza 1,065.60 ko da kwana uku za ka yi. Adadin na canzawa duk lokacin da suka ƙara mafi ƙarancin albashi, don haka ka duba na shekarar da za ka tafi a shafin ofishin jakadancin.

Jirgi da tsaraba

Daga Kano ana bi ta Alƙahira ko Adis Ababa zuwa Rum ko Milan ko Madrid. Daga Abuja da Legas da Yamai akwai hanyar Istanbul da ta Kasablanka. Kada ka biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito, ajiyar kujera ta isa a wurin nema. Ka riƙe katinka na rigakafin shawara tare da fasfo.

Yanzu ga inda zuciya ke karyewa. Kilishi ba ya shiga Tarayyar Turai. Haka dambun nama, da soyayyen nama, da man shanu, da cuku, da duk abin da aka yi da nama ko madara. In aka gani za a ƙwace a zubar, wani lokaci har da tara. Na san abokinka shi zai fara roƙo, amma ka ba shi haƙuri. Ɗanyun 'ya'yan itace da ganye da iri su ma sai da takardar lafiyar tsirrai, in ban da 'yan kaɗan da aka yafe, kuma dabino yana cikinsu. Busasshen kifi an yarda da shi har kilo 20, zuma har kilo 2. Abin da na ga ya fi faranta wa masu masaukina rai shi ne yaji mai kyau, da garin kuka, da busasshiyar kuɓewa, da hula zanna, da yadin shadda, da turaren wuta ga uwargida. Ka ɗaure kowanne a leda mai haske, ka rubuta abin da ke ciki. Duk wanda ya kawo maka ƙunshi a rufe ya ce ka kai wa ɗan'uwansa, ka buɗe a gabansa, in ya ƙi ka bar masa kayansa. Maganin da kake sha kullum ya kasance cikin kwalinsa tare da takardar likita.

Kuɗin hannu in ya kai Yuro 10,000 dole ka bayyana shi a kwastan. Ba ka ma buƙatar kusa da haka. Ka riƙe wasu 'yan ɗaruruwa a ƙananan takardu, domin mai shago kan ƙi karɓar ta 200, sannan ka tabbatar da bankinka cewa katinka zai yi aiki a waje. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne. Na Nijar zai shiga, na Najeriya mai ƙafa uku sai da mahaɗi, ka saya tun daga gida.

A bakin iyaka

Biza izinin zuwa bakin ƙofa ce, jami'in filin jirgi ne ke buɗewa. Ka sa waɗannan a jakar hannu, a kan takarda ba a waya kaɗai ba: gayyata, tikitin dawowa, inshora, shaidar kuɗi, da adireshi da lambar mai masauki. Ka gaya masa lokacin saukarka domin wayarsa ta kasance a kunne, don ana iya kiran sa. Tun 12 ga Oktoba 2025 aka fara sabon tsarin ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu a kan iyaka, wanda ke maye gurbin hatimin fasfo, kwamfuta ce ke ƙirga maka kwanaki yanzu. In ka shigo Italiya daga wata ƙasar Shengen, misali ka fara sauka a Madrid, kuma a gidan mutum za ka zauna ba otal ba, akwai sanarwar isowa da za ka yi a hedikwatar 'yan sanda, wato Questura, cikin kwana takwas.

Kada ka sa abokinka ya bar aiki ya zo tarbarka in kana iya kai kanka. Daga filin jirgin Fiyumicino akwai jirgin ƙasa da ke kai mutum tashar Termini a tsakiyar Rum cikin minti 32, daga nan jirgi mai gudu ya kai ka Nafoli cikin awa ɗaya da 'yan mintuna.

Zaman gidan

A daren farko ka tambayi dokokin gidan, kuma ka yi da gaske. Shara ba a haɗa ta wuri ɗaya: ta abinci daban, roba daban, kwalba daban, takarda daban, kuma a garuruwan Italiya da yawa kowace da ranar fitar da ita. In ka cakuɗa, mai gidan za a ci tara. Ruwan zafi da wuta da gas kuɗi ne masu ciwo, wanka na minti biyar ya isa. In ka yi alwala ka goge ƙasan bayin, domin bayinsu ba shi da magudana a ƙasa irin namu, ruwan zai kwanta ne har ya yoyo wa na ƙasa. Bangon gidajen siriri ne, maƙwabta kuma suna kiran 'yan sanda a kan hayaniyar dare. Hirar waya da mutanen gida da ƙarfe sha ɗaya, murya a sama, tana iya jawo wa abokinka rigima da mai gidan haya wadda za ta daɗe bayan ka tafi.

Ba zai karɓi kuɗi daga hannunka ba, kada ma ka gwada. Abin da za ka yi shi ne ka riga shi zuwa kasuwa. A rana ta biyu ka tambayi inda mahaucin halal yake, ka sayo nama da kaji da shinkafa da mai da za su wuce kwanakinka, ka zuba a firji. In kuna cin abinci a waje, ka tashi kamar za ka wanke hannu ka biya. Ranar da na yi haka, matar wani abokina a Balansiya ta buɗe firji ta tsaya, ta ce, "Yaya, wannan ai ka kunyata mu." Na ce mata cefanen gidanmu ne na yi. Ta yi shiru, da daddare ta yi mana tuwo da kukar da na kawo.

Ka kuma riƙe bakinka game da abin da ka gani. Wataƙila wanda ake kira Alhaji a unguwa, mai aiko da kuɗin gini, ka same shi yana wanke kwanuka a gidan abinci ko yana kwana da mutum uku a ɗaki ɗaya. Ya buɗe maka sirrinsa ne saboda yarda. Kada ka ɗauki hoton ɗakinsa, kada ka sa shi a Facebook sai da izininsa, kuma in ka koma gida aka tambaye ka, ka ce yana lafiya yana gaishe su.

Yawo da ci da salla

Ka koyi fita kai kaɗai tun rana ta biyu. Sayi layin waya na can da fasfonka, zai yi maka aiki a sauran ƙasashen Tarayyar ba tare da ƙarin caji ba. Lambar gaggawa 112 ce a ko'ina. Tikitin takarda na bas ko ƙaramin jirgin ƙasa a Italiya sai ka cusa shi a na'ura ta buga masa lokaci, in ba haka ba mai duba tikiti zai ci ka tara kamar ba ka saya ba, kuma "ni baƙo ne" ba ta ceto. A jirgin ƙarƙashin ƙasa na Basalona da kewayen Termini akwai 'yan sane ƙwararru, waya da fasfo su zauna a aljihun gaba ko cikin riga. Tsakanin ƙasashe, jirage irin su Ryanair da Vueling suna da araha, amma kuɗin akwati kan fi na kujera, ka biya shi a intanet tun kafin ka je filin jirgi.

Naman alade yana ɓuya a inda ba ka zato. A Italiya ka kiyayi maiale, prosciutto, pancetta, guanciale, da strutto, wato kitsen alade da ake sawa har a wasu burodi. A Sifaniya cerdo, jamón, chorizo da manteca. Kifi da abincin teku sun wadata, su ne mafita. Unguwannin baƙi kuma suna da komai: Piazza Vittorio a Rum, kewayen Piazza Garibaldi a Nafoli, kasuwar Ballarò a Palermo, Lavapiés a Madrid, Raval a Basalona, Martim Moniz a Lisbon. Mutanen Sifaniya sai wajen ƙarfe biyu suke cin na rana, na dare kuwa tara ko goma.

Lokutan salla za su ba ka mamaki. A Madrid cikin watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan goma saura kwata na dare. Babban masallacin Rum, wanda aka buɗe a 1995, ya cancanci ka yi Juma'a a cikinsa, haka na Madrid da aka buɗe a 1992. Amma yawancin masallatan da mutanenmu ke salla ɗakuna ne a ƙasan bene ko tsofaffin gareji, ba hasumiya ba alama, sai ɗan gari ya nuna maka.

In Sifaniya ka nufa, ka ware kwana biyu don Andalus, yankin kudancin ƙasar, ko da kai kaɗai ne. Daga Madrid zuwa Kurɗuba, garin da ake jingina Imam Ƙurɗubi gare shi, bai kai awa biyu a jirgi mai gudu ba. Tsohon masallacinta, wanda Abdurrahman na Ɗaya ya fara ginawa wajen shekarar 785, coci ne a yau kuma ba a barin Musulmi ya yi salla a ciki, ka san da haka kafin ka shiga. Fadar Alhambra a Garnaɗa, birnin da ya fita daga hannun Musulmi a 1492, tikitinta kan ƙare makonni kafin ranar, da sunanka ake sayar da shi, kuma akwai sa'ar shiga da ba a ɗaga ƙafa a kai. Bayan ka fito ka hau unguwar Albaicín, akwai masallacin da aka buɗe a 2003, daga lambunsa kana kallon fadar gaba ɗaya.

Dawowa

Za a samu mai ce maka ka zauna kawai, kowa da haka ya fara. Kada ka yi. Wanda ya sa hannu a gayyatarka shi za a fara nema, kuma gobe in ya so kawo mahaifiyarsa ko matarsa, sunanka zai tare masa hanya. Ka sa ranar tashinka ta kasance kwana ɗaya ko biyu kafin bizar ta ƙare, saboda yajin aikin jiragen ƙasa da na sama ba baƙon abu ba ne a Italiya. A daren ƙarshe ka wanke zanen gado, ka mayar da makulli, ka yi sallama da abokan hayarsa ɗaya bayan ɗaya. Da ka sauka gida ka aika masa hoton hatimin shigowarka Najeriya ko Nijar da katin shiga jirgi, ya ajiye tare da kwafin gayyatar. Kai ma ka adana naka, domin wanda ya yi amfani da biza uku yadda ya kamata cikin shekara biyu yana iya samun ta shekara guda mai shiga da fita a nema na gaba.